Rabin Hanya

Litinin, 20 ga Oktoba, da hantsi

Drabo ya tsayar da rana: Asabar, sha biyar ga Nuwamba, da an sallame asuba. Ya zo garejina ya shimfiɗa taswira a kan kujerar babur ɗin wata mata, ya danne gefenta da sufanata ba tare da ya tambaya ba. Daga nan Wagadugu sai Bobo, sai Banfora, mu ratsa arewacin Kodebuwa, mu shiga Gine ta Kankan, daga Mamu kuma sai hawa har tsaunukan Futa. Kwana shida, in babura sun yarda. Mu huɗu ne, ni da shi da wasu 'yan'uwa biyu da za su jira mu a Bobo.

Ya sa ɗigo da biro a wani wuri da taswirar ba ta ba suna ba. Hore Fello. Can mijina, baban 'yata Wendyam, yake kwance shekara uku ke nan, kuma ban taɓa ganin ƙasar da aka rufe shi da ita ba. Tare suka tafi da Drabo, abokinsa. Drabo ya dawo da buhu ɗaure a bayan babur.

"Baiwata," in ji shi, "kin roƙi hanya?"

Shi ɗan Samo ne, ni 'yar Mosi, taubasai tun kaka da kakanni, don haka bakinsa ba shi da linzami a kaina, nawa ma haka.

"Maci kare, tun yaushe bawa ke tuhumar uwargijiyarsa?"

"Ki zage ni har yamma, Sibdu. Ba na jan gaban wanda tsohuwarsa ba ta sallama ba, ko sarkinku ne."

Iyayena sun rasu, hanyata tana hannun M'ma Tene, uwar mijina. Sau uku ake roƙo. In aka hana ka a na uku, ba ka da bakin na huɗu. In kuma an ba ka, rabi ake ba ka, a riƙe rabi don ka dawo ka karɓa. Kwana ashirin da shida suka rage.

Laraba, 22 ga Oktoba, bayan la'asar

Na je Tangin, unguwar M'ma Tene. Na tarar da ita a inda take kullum, kan tabarma a gindin mangwaro, tana ɓarar gyaɗa. Tun da aka kawo labarin ba ta taka ƙofar gidan nan ta fita ba, ko gaisuwar mutuwa aikawa take yi.

Ta ba ni zom-kom, ruwan geron nan, a ƙoƙo, na sha, muka gaisa har kan awaki. Na durƙusa sosai.

"M'ma, na zo roƙon hanya. Ina so in je inda yake."

Ta ci gaba da ɓara.

"'Yata, kin rame. Ba kya cin abinci a garejin nan?"

"Ina ci, M'ma. Na ce ina roƙon hanya."

"Na ji. Akwai benga a tukunya, ɗebi ki sa mai."

Na ci wake da shinkafa kamar ana tura min yashi. Da zan tafi ta ɗaure min gyaɗa a leda. Wannan shi ne na farko, kuma na san ta ƙirga shi kamar yadda na ƙirga.

Me ta sani? A hanya wannan kaɗai nake tambayar kaina, har na wuce kwanar gidana.

Alhamis, 23 ga Oktoba, da safe

Ban buɗe buhun ba. Yana nan ƙarƙashin gado.

Asabar, 25 ga Oktoba, da azahar

Na yi faɗa da mai kawo min gyara tun ina 'yar koyo. Madam Ilbudo, mai sayar da atamfa a babbar kasuwa, ta kawo sabon babur fil, ko ledar kujera ba a cire ba.

"Sibdu, sassauta min na gaban. Yadda aka saba."

Duk garin nan haka muke. Sabon babur, kafin a sa masa lamba, sai an kai wa bakanike ya kwance birkin gaba har ya zama ado. Kowa ya san labarin wani da ya matse na gaba a kan yashi ya tashi sama ya sauko da haƙora. Garinmu kuwa shimfiɗe yake kamar faifai, na baya ya ishe ka tun daga haihuwa har kabari. In an samu 'yar gangara, a sa firi a kashe inji, a tsira da ɗigon mai.

Na ce mata ba na yi.

"Ba kya yi? Ke da kika yi min na wancan, da na gabansa?"

"Na daina."

"To, sai ki kashe ni ki huta? Jikata nake goyawa a kai."

"Ki koyi matse shi a hankali, Madam. Don aiki aka sa shi."

"Shekara talatin ina tuƙi, yau 'yar cikina za ta koya min." Ta tura babur ɗinta zuwa garejin da ke tsallaken titi. Ina kallo aka kwance mata notin birkin, ko minti biyu ba a yi ba. Zagaye huɗu. Daga nan nake ƙirgawa.

Ita ce ta tara da na ƙi yi wa a wannan shekarar. Ana cewa tun da na yi takaba kaina ya taɓu.

Lahadi, 26 ga Oktoba, da yamma

Drabo ya ce ba zan je Futa da tuƙin 'yan kasuwa ba, sai na koyi sauka. Na ce ai ina hawa gadar sama kullum. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Gadar sama! Wannan ne tsaunin Mosi? A can, baiwata, za ki fara sauka da hantsi, ki yi azahar ba ki gama ba. Hagunki dutse, damanki babu komai, sai gajimare a ƙasanki."

Ya kai ni ramin da ake fasa dutse a bayan gari, inda hanyar manyan motoci take gangarawa da kwana uku. Ita ce gangara mafi tsayi da muke da ita. Ya tsaya a sama yana ba da umarni kamar soja: giya ta biyu, kar a sa firi, kar a riƙe kuloci, a bar inji ya ja da baya, yatsu biyu a kan na gaba, na baya taɓawa kawai.

Na sauka sau bakwai. Sau bakwai ƙafata ta danne na baya, hannun damana kuwa ko gezau. Ni da na san cikin babur fiye da cikin tukunyata. Na san dalili, zan iya zana shi a ƙasa: in ka daɗe a kan na baya zai yi zafi, in ya yi zafi zai daina kamawa. Kaina ya sani, yatsuna sun ƙi. Sabo turken wawa.

Mata masu fasa dutse suka ajiye guduma suna kallonmu. Ɗaya ta ce, "Mijinki ne wannan mai ihun?"

Na ce, "Allah ya kiyaye. Bawan gidanmu ne."

Drabo bai rama ba. Yana kallon hannuna.

Talata, 28 ga Oktoba, da sassafe

Abin da na haɗa: sarƙa sabuwa, fulogi uku, wayar kuloci, tayoyin ciki biyu, famfo, baƙin mai, katin rigakafi, katin ɗan ƙasa. Na wanke kafireto na rage mata mai kaɗan, don an ce iskar sama ba ta da kauri, inji yana shaƙewa. Na sayi rigar sanyi a gwanjo, mai warin ƙasar wasu. Na gwada ta a ɗaki, gumi ya jiƙa ni kafin in sa maɓalli na uku. Wai akwai inda mutum zai sa wannan da rana tsaka.

Wayar birkin gaba na saya biyu. Mai shagon ya ce ni ce ta farko da ta taɓa tambaya, sai da ya hau kujera ya lalubo su.

Duk wannan shiri, kuma ban da hanya.

Laraba, 29 ga Oktoba, da azahar

Abinci ya ƙi shiga. Shayi kawai.

Juma'a, 31 ga Oktoba, bayan an sauko masallaci

Na biyu.

Na kai mata goro da sabulu. Yau ko zom-kom ɗin sai da ta daɗe kafin ta miƙo. Na durƙusa, na faɗa kamar yadda ake faɗa, ban ƙara ban rage ba.

Ta dubi babur ɗina da na jingine a bakin zaure. Ta daɗe tana kallonsa.

"A kan wannan za ki?"

"A kansa, M'ma."

"Babu mota a duniya?"

"Mota ba ta kaiwa ƙauyen. Kuma ta hanyar da ya bi nake so in bi."

Leɓenta ya motsa, na ɗauka maganar ce za ta fito. Sai ta kama bakinta da hannu, ta riƙe, kamar mai jin amai. Da ta saki sai ta ce, "Kajin nan sun shiga lambu. Kore min su."

Na kori kaji. Ni, mai shekara arba'in da uku, ina bin kaji da zane a hannu, hawaye na zuba.

Ta tsane ni, abin da na gano ke nan. Wani ya gaya mata. Ko kuwa ba wanda ya gaya mata, uwa ce kawai, ta san wanda ya taɓa babur ɗin ɗanta na ƙarshe. Shekara uku tana ba ni gyaɗa tana jira in buɗe baki da kaina.

Saura ɗaya.

Asabar, 1 ga Nuwamba, da yamma

Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Haka nake gaya wa kaina tun shekara uku.

Litinin, 3 ga Nuwamba, da hantsi

Wendyam ta bugo daga makaranta a Kudugu. Muryar ubanta sak, har yadda take jan numfashi kafin ta yi tambaya.

"Mama, kaka ta ba ki?"

"Tukuna."

"In ta hana fa?"

"Sai in zauna."

"Ƙarya kike yi. Na san ki."

Ban sani ba ko ƙarya nake yi. Na yi tunanin in bi bayansu Drabo a ɓoye, in tarar da su a iyaka inda ba zai iya koro ni ba. Sai na ga kaina a kan waccan gangarar ba da sallamar kowa ba. Yarinyar nan uba ɗaya ta rasa, ba ta da uwa ta biyu.

Ta ce in na isa in ɗebo mata ƙasa kaɗan a leda. Na ce to.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, bayan la'asar

Na faɗi a ramin dutse. Ba komai, gwiwa ce ta kuje, madubi ya fashe.

A kwana ta biyu na ji na baya ya yi laushi a ƙarƙashin ƙafata. Tsoro ya kama ni, na cafki na gaba gaba ɗaya da yatsu huɗu, tayar ta kafe, ƙasa ta taso ta same ni. Drabo ya gangaro a guje da ƙafa, da tumbinsa da komai. Ya ɗaga babur ɗin, ya ga ina numfashi, sai ya zauna a kan dutse.

"Ya kama," na ce. "Ka gani? Nawa ya kama."



"Drabo, na baban Wendyam fa? Ba ka taɓa gaya min ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. Yau ina tambaya."

Ya cire hular kwano ya ajiye a gwiwa. Babu baiwata, babu komai.

"Yana gabana. Ya sa firi, kamar yadda dukkanmu muka sa. Na ji warin na bayansa tun kafin kwanar. Na ga hannunsa ya kai ga na gaba, ya matse har ƙarfen ya taɓa maƙamar. Da muka sauka wurinsa, hannun yana nan a dunƙule."

Na ce, "Zagaye huɗu."

"Me?"

"Ranar da za ku tashi. Yana ciki yana wanka. Na ga na gaban ya yi tauri, na ce hanyar Gine yashi ce da tsakuwa, zai jefar min da shi. Bai ce in yi ba. Ban gaya masa ba. Na kwance notin zagaye huɗu, na goge hannuna, na kai masa shayi."

Ban taɓa faɗa da baki ba sai yau. A takardar nan ma ban taɓa rubutawa ba.

Drabo ya ce nasa ma a kwance yake ranar, da na sauran duka, shi Allah ne ya sa ya tsaya fitsari a sama birkinsa ya huce. Ya ce duk Wagadugu ce ta kwance wannan noti. Na ce duk Wagadugu ba ta kai masa shayi ba.

Ya goya ni zuwa gida, ya koma ya ɗauko nawa.

Juma'a, 7 ga Nuwamba, da safe

Gwiwa ta kumbura. Na buɗe gareji, na rufe.

Lahadi, 9 ga Nuwamba, da yamma

Na koma ramin ni kaɗai. Sau goma sha ɗaya. Yatsu biyu, a hankali, kamar mai matsa mangwaro ta ji ko ya nuna. A na tara na sauka har ƙasa ban taɓa na baya ba. Matan nan suka yi min guɗa. Na yi murna na ɗan lokaci, sai na tuna ba wannan ne ya rage ba.

Talata, 11 ga Nuwamba, da azahar

Drabo ya je Tangin ba da sanina ba. Taubashi yana shiga inda ɗan gida ba ya shiga, kuma ba a yi masa fushi. Ya ce ya tarar da ita a gindin mangwaro, ya kwashe gyaɗarta ya zuba a aljihu, ya ce, "Tsohuwar baiwa, me kike yi da hanya a ɗaki? Za ki dafa ta ne? Ki ba yarinya abinta." Ya ce ta zage shi da kyau, ta ce Samo ba su san hanya ba sai wadda ta nufi tukunyar burkutu. Har ta yi dariya.

"Daga nan fa?"

"Daga nan ta daina dariya."

"Ka gaya mata?" Na ji muryata ta canza.

"Ni ba na ɗaukar kayan wani in kai kasuwa. Naki naki ne." Ya juya sufana a hannu, ya ajiye. "Sibdu, ki je ki yi na ukun. Ki je da komai."

"Me ta ce maka?"

"Nata ma nata ne."

Ya tafi bai sha ruwa ba. Drabo, da ba ya barin garejina sai ya cinye min abincin rana.

Laraba, 12 ga Nuwamba, da sassafe

Na buɗe buhun. Rigarsa shuɗiya, takalmi ɗaya, safar hannu. Ta dama ta yage a tafi. Na mayar da sauran, na sa safar a jakata.

Alhamis, 13 ga Nuwamba, gab da magariba

Zan rubuta yadda ya faru, don kar gobe in gyara shi.

Na je da hantsi. Ban karɓi zom-kom ba. Na ce, "M'ma, kafin in roƙa akwai abin da za ki ji, in kin ji sai ki yanke." Na ajiye safar a kan tabarma tsakaninmu. Na faɗa mata duka, da wankan, da notin, da shayin. Ta san babur kaɗan, sai da na nuna mata da hannu yadda ake kwancewa. Ina yi ina jiran ta tashi, ko ta tofa min yawu, ko ta kira maƙwabta.

Ta ɗauki safar ta shimfiɗa a cinyarta tana gyara yatsun ɗaya bayan ɗaya.

"Shi ke nan naki?"

"Shi ke nan, M'ma."

"Don kar ya faɗi kika yi."

"Don kar ya faɗi."

Ta gyaɗa kai. Sai ta ce, ba ni take kallo ba, "Ya zo nan da yamma, ana gobe za su tashi. Gero yana gona ba a girbe ba, ni ga ciwon ƙafa, shi kuma zai tafi kallon duwatsun mutane da abokai, kamar yaro. Ya roƙa, na yi banza da shi. Ya sake, yana dariya, hular nan a kansa bai ko cire ba. Kin san dariyarsa. A na uku raina ya ɓaci." Ta kama bakinta kamar rannan, ta saki. "Na ce, ɗauke ta duka. Ɗauki hanyar duka, kar ka rage min komai."

A duk rayuwata ban taɓa jin an faɗa wa mutum haka ba, ko maƙiyi.

"Ya ce, M'ma, rabi dai. Na ce na faɗa. Ya yi dariya ya tafi. Ban riƙe komai ba, 'yata. Da me zai dawo?"

Shekara uku ina ganin ta tsare ni da ido, ashe bakinta take tsaro. Na ce mata birki ne, ni na san babur, magana ba ta tsinka waya. Ta ce ita ta san baki, shi ke yanka wuya. Muka zauna muna jayayya a kan wa ya kashe shi, kowa na ja wa kanta, har abin ya zama kamar masu rabon gado. Sai kuka ya zo, na kowa daban.

Da muka natsu na gyara durƙuso.

"M'ma, na zo roƙon hanya."

Ta ce, "Bakin nan ba ya ba da hanya da rana ɗaya. Tashi ki tafi."

Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Na ukun ya fita daga hannuna, ba ni da na huɗu. Jibi ne.

Juma'a, 14 ga Nuwamba, da la'asar

Na ɗaure kaya. Na cika tanki. Na gaya wa Drabo in bai ji komai ba su tafi, in ya isa ya zuba ruwa a kan kabarin da sunana. Ya ce shi ba ɗan aiken Mosi ba ne. Muryarsa ba ta yi kama da wasa ba.

Duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofa sai na leƙa.

Asabar, 15 ga Nuwamba, da azahar, a Boromo

Mun tsaya cin abinci. Bari in rubuta.

Da aka sallame asuba Drabo ya zo ƙofar gareji, injinsa a kunne. Na fito da nawa don kawai in raka shi bakin gari. Ya dubi agogo, ya kashe inji, ya ce fuloginsa yana so ya huta. Ƙarya yake yi, ni na sa masa shi jiya.

Gari ya fara haske sai ga maƙwabciyar surukata a kan babur tana tafe a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, M'ma Tene a baya ta rungume ta, ido a rufe. Matar da ba ta fita ƙofar gida ba shekara uku. Muka sauko da ita mu biyu.

Ba ta gaishe mu ba. Ta nufi babur ɗina da sandarta.

"Wanne ne na gaban?"

Na nuna mata. Ta sa hannu ta matse. Ƙarfen ya tsaya tun bai yi nisa ba. Ta sake matsawa da hannu biyu, ta ce wa Drabo, "Kai, bawa, tura." Ya tura da ƙarfinsa, babur ya ƙi motsi. Sai da ta sa ya yi sau uku, sannan ta je ta matse nasa.

Ta juyo gare ni. Na durƙusa a kan baƙin man da ya zuba a ƙasa.

"Sibdu, na ba ki rabi." Ta kama bakin zanenta ta ƙulla, ta ja ƙullin da haƙori. "Ga ɗayan nan. Ba mai kwance shi sai ke."

Ta ciro safar daga ƙirjinta ta sa min a hannu. Ta ɗinke yagewar da baƙin zare.

"In kin isa, ki kira shi da sunansa. Ki ce, Yamba, uwarka ta ce ta karɓe rabi. Ki ce ta san ta makara, amma ta karɓa."

Drabo ya juya baya yana duba tayar da ba abin da ya same ta.

Safar ta yi min yawa, na naɗe bakinta. Drabo yana kirana yanzu, wai Mosi ba su iya cin abinci da sauri ba. Saura kwana biyar mu fara hawa.